Masu Safiyo da Kimanta Dukiya na Kumasi: Abin da Suke Yi Maka Idan Baifas Zai Ratsa Filinka

Duk mai bin hanyar Kumasi zuwa Ankara, babban birnin Gana, ya san yadda garuruwan kan hanya ke cinye lokaci. Tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, amma tirela ɗaya ta lalace a tsakiyar Konongo ranar kasuwa, sai layin motoci ya miƙe har ka rasa ganin ƙarshensa. Shi ya sa aka kewaye Nsawam da Nkawkaw tun da daɗewa, sannan a 2023 aka soma wasu hanyoyin kewaye guda huɗu a Osino da Anyinam da Enyiresi da Konongo. Direba murna yake yi da baifas, wato irin wannan hanya mai kewaye gari. Mai gona da mai fuloti da mai shago a bakin tsohuwar hanya kuwa lissafinsu daban ne, kuma da yawa daga cikinsu mutanenmu ne: 'yan unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba na Kumasi da suka sayi fili a can don adana kuɗi, da 'yan'uwansu mazauna zangon waɗannan garuruwa.

Irin waɗannan mutane ne ofisoshin safiyo masu zaman kansu na Kumasi ke yi wa wani aiki da ya samu kasuwa a 'yan shekarun nan. Mutum biyu ke yinsa, mai safiyo mai lasisi da mai kimanta dukiya. Su auna filinka, su ɗora shi a kan taswirar sabuwar hanya, su ƙirga abin da zai tafi, su yi masa kuɗi, su haɗa fayil ɗin neman diyya, su bi shi har a biya. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina, don haka aikin kansa muka duba, ba ofishi guda ba. A ganinmu kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Awonsu yana da kyau ƙwarai, ƙidayarsu ta fi ta mai fili nesa ba kusa ba. Sai dai yawanci a makare ake kiransu, kuma akwai wani babban ɓangare na asarar baifas da fayil ɗinsu ba ya taɓawa ko kaɗan.

Maganar makara ita ce ta farko, kuma ba za a gane ta ba sai an san yadda ake haifar layin hanya. Manyan hanyoyi irin wannan suna hannun Hukumar Manyan Hanyoyi ta Gana, wadda aka kafa a 1974. Kafin a ja layi ko ɗaya, injiniyoyi kan zauna bakin titi su ƙirga motoci, galibi kwana bakwai, su ware tirela da tanka da bas da trotro (ƙananan bas na haya) da ƙananan motoci, su tsayar da wasu direbobi su tambaye su daga ina zuwa ina. Idan ya bayyana cewa mafi yawansu wucewa kawai suke yi, ba su da hulɗa da garin, to baifas ya samu hujja. Daga nan a zana layi biyu ko uku a kan taswira, wani ta arewa, wani ta kudu, wani kusa da gari, wani nesa. A auna tsawon kowanne, gada nawa zai ci, gidaje nawa zai rushe, wace irin ƙasa zai taka. A yankin Osino da Anyinam akwai kogin Birim da fadamunsa, ga tsofaffin ramukan galamsi, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da aka cike da laka, waɗanda ba sa ɗaukar nauyin titi sai an kwashe an zuba wata ƙasa. Duk wannan kuɗi ne, kuma shi ke tura layi dama ko hagu.

Da zarar an zaɓi layi, tanƙwara shi ya zama jan aiki. Hanyar da aka tsara don gudun kilomita 100 a awa tana buƙatar kwana mai faɗi, wadda tazararta daga tsakiyar da'ira ta kai mita 400 ko fiye. Direban da ke wannan gudu yana buƙatar ganin kimanin mita 185 a gabansa kafin ya iya tsayawa, alhali a gudun 50 na cikin gari mita 65 ta ishe shi. Ma'ana, titin ba zai iya gocewa gida ɗaya ya dawo ba. In za a matsar da shi mita 30 a wuri guda, sai an sake zana ɗaruruwan mitoci gaba da baya, a jefa shi kan wasu maƙwabta. Saboda haka duk ofishin da ya yi maka alkawarin zai sa a kauce wa gidanka bayan an kafa turaku, ka ɗauki takardunka ka fita. Ofisoshin kirki suna faɗin gaskiya a kan wannan tun zaman farko, kuma abin yabo ne.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun 1999 doka ta wajabta nazarin tasirin muhalli ga babban aikin hanya, kuma a cikinsa akwai zama da jama'ar gari. A wannan gaɓar layukan suna kan takarda, ana auna su da juna, kuma maƙabarta da masallaci da makaranta da rijiyar burtsatse suna da nauyi a sikeli. Nan ne zango ke yawan cutuwa. Maƙabartar Musulmi galibi a bayan gari take, daidai inda baifas ke son bi. Kaburburanmu kuma ba su da gini ko dutse mai rubutu, tudun ƙasa ne da damina biyu ke shafewa. A hoton jirgi maras matuƙi, fili ne kawai mai ciyawa. Injiniyan da ke zaune a ofis yana kallon wannan hoton ba shi da hanyar sanin akwai iyayen mutane a kwance a wurin. Mai safiyo zai iya zagaye iyakar maƙabarta a rabin yini, ya fitar da taswira mai lambobi da hatimi, Sarkin Zango da liman su sa hannu a wasiƙa, a miƙa wa majalisar gunduma da masu nazarin, a riƙe kwafi mai tambarin karɓa. Wannan shi ne aiki mafi araha a duk abin da suke yi, shi ne kuma mafi amfani, amma ba mu ga ana tallata shi ba. Sai kai ka roƙa.

Awo: inda suka fi ƙarfi

Abin da mai fili ke fara gani shi ne turke. Guntun katako ne da aka buga a ƙasa, an shafa wa kansa jan fenti, an rubuta wani abu kamar 12+350 a jikinsa. Wannan yana nufin kilomita 12 da mita 350 daga inda aka fara awo. Wasu turakun na tsakiyar titi ne, wasu na gefen filin da gwamnati za ta karɓa, kuma mutane da yawa suna rikita su. Wani ya ga turke mita 20 daga katangarsa ya yi hamdala, ashe na tsakiya ne, gidan yana ciki dumu-dumu. Kwalta kanta ba ta da faɗi sosai: hannu ɗaya mai layi biyu mita 7.3 ne, kafaɗa kamar mita 2.5, sai tsibirin tsakiya. Amma filin da ake keɓe wa hanya ya fi haka sosai, domin magudanar ruwa da turakun wuta da bututu da faɗaɗawar gaba. A ɗauka faɗin mita 60 aka keɓe. Baifas mai kilomita 10 zai ci hekta 60, wato kimanin eka 148. Fulotin ƙafa 100 sau 100 da aka saba da shi a Kumasi, gefensa mita 30 da rabi ne kacal, biyu a jere za su ɓace a cikin wannan faɗin. Inda kuma aka yi ciko mai tsawo ko aka yanka tudu, gindin aikin yakan buɗe ya wuce haka.

A nan mai safiyo yake nuna ƙwarewarsa. Zai zo da na'urar tauraron ɗan'adam guda biyu, ɗaya ya kafa ta a kan wani dutsen awo da aka san lambobinsa, ɗayar a kan sanda ya riƙa zagayawa da ita. Kuskurenta 'yan santimita ne. Wayar hannu kuwa takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar a sarari, a ƙarƙashin inuwar gonar koko abin ya fi haka muni. Adireshin GhanaPost GPS da aka kawo a 2017 murabba'in mita biyar-biyar yake nunawa, yana da amfani wajen kwatance, amma ba shaidar iyaka ba ne, ba kuma shaidar mallaka ba.

Akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani, domin shi ke bambanta ofishin da ya san aikinsa da wanda ya sayi na'ura jiya. Taswirar fili da ke maƙale da takardunka, lambobinta a kan ma'aunin ƙasa na Gana suke, kuma da ƙafa aka rubuta su. Zanen hanya galibi da mita yake, sau da yawa a kan ma'aunin duniya da tauraron ɗan'adam ke amfani da shi. Mayar da ƙafa zuwa mita kaɗai bai isa ba, domin tushen ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne, kuma bambancinsu a ƙasa yana iya kai wa ɗaruruwan mitoci. Idan yaron ofis ya zuba lambobin a kwamfuta bai yi juyin daidai ba, sai filinka ya fito can nesa da titi a kan allo, alhali katafila za ta bi ta tsakiyarsa. Ko akasin haka, a ɗaga maka hankali a banza. Maganin abu ne mai sauƙi. Mai safiyo ya je da ƙafarsa ya auna duwatsun iyakarka huɗu, ya auna turakun hanya aƙalla uku da na'ura ɗaya a rana ɗaya, sannan ya zana. Ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, a fili ka auna turakun, ko daga takarda ka kwafo lambobin?" Wanda ya yi aikin ba ya jin haushin wannan tambaya. Mafi yawan masu lasisi suna yin yadda ya kamata. Matsalar tana zuwa ne daga masu araha da ke yin komai a kan tebur, sannan su kai wa mai lasisi ya buga hatimi bai taka wurin ba.

Ƙidaya da kima

Sashen kimanta dukiya na Hukumar Filaye, wato Lands Commission, shi ke yi wa gwamnati ƙidaya da kima. Ma'aikatansa za su zo, su shafa wa gini alamar X da lamba, su auna shi, su ƙirga amfanin gona, su ba mai shi takardar ƙidaya da aka fi sani da Form F. Aiki ne na gaggawa, mutum ɗaruruwa a 'yan makonni. Amfanin mai kimantawa naka shi ne ya tsaya a wurin ranar, da nasa lissafin a hannu.

Ga misali. Idan an dasa koko a tazarar mita uku-uku kamar yadda ake koyarwa, hekta ɗaya tana ɗaukar bishiya 1,111, eka ɗaya kimanin 450. Titin da ya ratsa gona da faɗin mita 60 da tsawon mita 200 ya ci hekta 1.2, bishiya fiye da 1,300 ke nan. Kwakwar manja a tazarar mita tara takan kai 143 a hekta. Ana biyan amfanin gona ne bisa iri da kuma girma, ɗan dashe da kuɗinsa, mai ba da 'ya'ya da nasa. Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Ko a rubuta manyan bishiyoyi a sahun matsakaita, ko a ƙirga koko a manta da abin da ke ƙarƙashinsa da gefensa: agade, rogo, gwaza, lemo, goro. Mai kimantawa nagari yakan raba gonar layi-layi, ya sa yara su ɗaura ƙyalle a duk bishiyar da aka ƙirga don kada a maimaita ko a tsallake, ya ɗauki hoto mai kwanan wata. In aka samu saɓani, a nan take ake warware shi, kafin a sa hannu. Bayan katafila ta wuce babu sauran abin ƙirgawa.

A gini kuma abin da ake nema shi ne kuɗin sake gina irinsa. A auna faɗi da tsawo, a rubuta irin bulo, irin kwano, ƙasan siminti ne ko tayil, akwai silin ko babu. Abubuwan da ake mantawa su ne na waje da na ƙarƙashin ƙasa: katanga, rijiya, ramin masai, tankin ruwa, bututu, mitar wuta, harsashin da aka zuba ba a ɗora ba. Ofisoshin Kumasi sun iya wannan sosai. Rahotonsu kan fito da ɗaki-ɗaki, har da kuɗin kwashe kaya da hayar wucin gadi, waɗanda ke shiga ƙarƙashin abin da doka ta kira kuɗin ɗawainiyar tashi.

Dokar tana bayan mai fili fiye da yadda mutane ke zato. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce a biya diyya ta adalci, isasshiya, kuma cikin gaggawa, ya kuma ba wanda bai gamsu ba damar zuwa Babbar Kotu. Dokar Filaye ta 2020 ta ƙara da cewa a ajiye kuɗin diyya a asusu na musamman kafin a karɓi fili, ta kuma ba mai haƙƙi wata shida daga ranar da aka buga sanarwar karɓar fili ya shigar da buƙatarsa a rubuce. Akwai kuma wata tsohuwar doka ta 1963 da ake amfani da ita wajen ratsa fili da hanya ko layin wuta, mai nata sharuɗɗan daban. Aikin ofishin ne ya samo sanarwar, ya karanta, ya gaya maka a ƙarƙashin wace doka aka karɓi naka filin da kuma ranar da wa'adinka zai ƙare. Wanda bai iya amsa wannan ba, bai shirya bin fayil ba.

Sai kuma takardu, inda mutanenmu suka fi tuntuɓe. Mafi yawan filayen wannan hanya na sarauta ne. A Osino da Anyinam ƙasar Akyem Abuakwa ce mai fada a Kyebi, a Konongo kuma ƙasar Asante. Tsarin mulki ya hana sayar da irin wannan fili har abada, abin da ake ba ka haya ce ta shekaru, galibi 99 ga ɗan ƙasa in na zama ne, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba ya wuce 50. Takardar da sarki ke bayarwa ranar da aka biya kuɗin goro matakin farko ce kawai, ba ita ce yarjejeniyar hayar ba. Mai ita kaɗai zai iya samun kuɗin gininsa da shukarsa, amma a kan kuɗin ƙasa sai ya yi ja-in-ja da fada, ko da wani da aka sayar wa filin a karo na biyu. Ofishin kirki yakan fara da bincike a Hukumar Filaye don ganin sunan wa ke kan wurin, kafin ya karɓi kuɗin awo. Haka ma gonar da ake nomawa a tsarin abunu ko abusa, wato rabi da rabi ko kashi uku: a rubuta sunan manomi da na mai ƙasa da kason kowa tun ranar ƙidaya, in ba haka ba cakin zai fito da suna ɗaya, zumuncin shekara ashirin ya lalace.

Wani ƙaramin abu da ke riƙe kuɗin mutane watanni shi ne suna. Takardar fili ta ce Bukari, katin ɗan ƙasa na Ghana Card ya ce Abubakar, banki ya ce Abubakari. Ko Issah a nan, Isa a can. Sai an yi takardar rantsuwa an daidaita. Idan kuma mai filin ya rasu ba a raba gado ba, sai magada sun samo takardar kula da gado daga kotu. Wasu ofisoshin suna duba wannan tun ranar farko su tura ka wurin lauya. Wasu sai ranar biya suke ganowa.

Akwai kuma masu jin ƙishin-ƙishin ɗin baifas su ruga su zuba harsashi ko su dasa koko cikin dare. Ana tsayar da ranar rufe ƙidaya, kuma hotunan sama na kafin ranar suna nan. Abin da aka ƙara bayanta asara ce. Ofishin da ya ba ka wannan shawarar zai ɓata har sahihin fayil ɗinka.

Abin da fayil ɗin ba ya gani

Wannan ne ya fi damunmu. Duk aikin an gina shi ne a kan abin da titi ya taka. Amma baifas yana da waɗanda yake kassarawa ba tare da ya taɓa ko bulo ɗaya nasu ba. Mai tsire da mai shayi a bakin tasha, hajiya mai waakye (shinkafa da wake), mai faci, makanike, 'yan mata masu tallan burodi, mai ɗakin kwanan direbobi. Jarinsu shi ne motar da ke rage gudu a tsakiyar gari. Ranar da aka buɗe sabuwar hanya, wannan motar ba za ta sake shigowa ba. An ga haka a Nsawam da Nkawkaw, inda masu talla suka bi motocin zuwa bakin sabuwar hanya da mararrabarta, suna ciniki a gefen motoci masu gudu. Diyya ana biyanta ne a kan dukiyar da aka karɓa, kuma ba a karɓi komai daga hannun waɗannan ba.

Abin da ke ceton su yana cikin zane. A ina za a sa mararraba biyu da ke haɗa baifas da gari? Shataletale ne ko gada? Akwai wurin tsayawar manyan motoci da rumfuna da banɗaki da wurin sallah, ko babu? Akwai ƙaramar hanyar gefe? A ina aka buɗe tsibirin tsakiya don juyawa? A ina yara za su tsallaka zuwa makaranta, a ina shanu za su bi? Duk amsoshin suna cikin kundin zanen da mai safiyo ya riga ya samu don ya ga iyakar fili. Shafi ɗaya yake buɗewa ya rufe sauran. Da zai zauna awa biyu da kwamitin 'yan kasuwa ya karanta musu shafin mararraba, da sun je taron jama'a da buƙata takamaimai, misali a ware musu eka biyu a mararrabar da ke fuskantar Kumasi, maimakon a je a yi ta kuka a tashi. Sanin yana hannun masu safiyo. Ba sa sayar da shi ne saboda babu kason diyya da za su samu a cikinsa, kuma wannan giɓi ne babba a aikin.

Ko ga mai gonar da ya biya su, akwai abin da sukan tsallake. Titi ya raba gona biyu, gida da rumbu suna wannan hannu, rabin koko yana wancan, ga shingen ƙarfe a tsakiya. Idan wurin juyawa mafi kusa yana da nisan kilomita uku, kowane buhu da aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, za ta ɗauko sai ya yi zagayen kilomita shida. Wani kuma a bar masa siririn yanki mai faɗin mita takwas da ba ya ginuwa, ba ya nomuwa. Doka ta san irin wannan lahani na raba fili da rage darajar abin da ya saura, ana iya neman kuɗinsa, amma sai an rubuta shi an kawo hujja. Rahotanni da yawa suna tsayawa a kan murabba'in mita nawa aka ɗauka.

Ruwa ma haka. Cikon titi tamkar madatsa yake. Ruwan da a da yake bazuwa a faɗin fadama, yanzu za a tattara shi a kwalbati ɗaya mai bakin milimita 900 ko 1,200, ya fito da ƙarfi a wuri guda. Wanda gonarsa ke ƙasan bakin kwalbatin zai ga zaizaya a daminar farko, tsakanin Afrilu da Yuli. Wanda ke sama kuma, in kwalbatin ya yi ƙanƙanta ko yashi ya toshe shi, ruwa zai kwanta masa, koko kuma ba ya jure jiƙaƙƙen gindi. Shafin magudanar ruwa yana nuna lambar wurin kowane kwalbati. Minti goma ya isa mai safiyo ya gaya maka ko akwai wanda ke kallon filinka. Ka sa wannan a cikin yarjejeniya. Haka kuma gidan da ke dab da layi amma bai shiga ba: a ɗauki hoton kowace katanga ciki da waje kafin rola ta fara dakan ƙasa, domin in bango ya tsage daga baya, hoton nan ne kaɗai zai nuna da lafiyarsa aka same shi. Ramin da 'yan kwangila ke ɗiban jan ƙasa shi ma yarjejeniyarsa daban ce da ta diyya, a rubuta zurfinsa da wanda zai cike shi, don kududdufin da aka bari a buɗe haɗari ne ga yara.

Kuɗin aikin

Awo galibi kuɗinsa a yanke yake, ana biya kafin ko rabi da rabi, kuma nisan wuri da kaurin daji suna ƙara shi. Kima da bin fayil kuwa wasu kaso suke karɓa daga diyya. A nan a buɗe ido. A ɗauka gwamnati ta yi maka tayin sidi 200,000, mai kimantawa ya yi jayayya aka kai 260,000. Kashi goma na duka 26,000 ne, kashi goma na ƙarin da ya samo 6,000 ne. A rubuta wanne ake nufi tun kafin a fara. A kuma tambaya ko za a sa kuɗin ƙwararru a cikin abin da ake nema daga gwamnati. Takardar wakilci ta tsaya a kan miƙa fayil da halartar zama, kuɗi kuma ya faɗa asusun mai fili da sunansa, ba na ofis ba.

Maƙwabta ashirin ko talatin da suka haɗu suka ɗauki ofishi ɗaya sun fi samun sauƙi, domin kafa na'ura da kuɗin mota sau ɗaya ne, kuma iyakokinsu za su fito a taswira ɗaya ba tare da wani ya hau kan wani ba. Mai kwantena ko rumfar katako a filin da ba nasa ba, ba ya buƙatar cikakken aikin. Hotuna, rasit ɗin harajin majalisar gunduma, da tabbatar da cewa sunansa ya shiga ƙidaya sun wadatar.

Wajen bin fayil ne ofisoshin suka fi bambanta. Wasu suna da mutum guda da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Koforidua, hedikwatar Yankin Gabas, da Ankara, yana sanar da masu fili duk inda takarda ta kwana. Wasu da sun miƙa rahoto sai wayarsu ta daina shiga. Kafin ka ba da aiki, nemi lambar lasisin mai safiyo, ka tabbatar mai kimantawa ɗan ƙungiyar Ghana Institution of Surveyors ne, ka kuma nemi su haɗa ka da mutum biyu da aka riga aka biya ta hannunsu. Ranar karɓar fayil kuma ka zauna ka buɗe shi a gabansu. Taswira ta nuna iyakarka da layin hanya a shafi ɗaya, da lambobin kusurwoyi da sunan ma'aunin da aka yi amfani da shi. Adadin bishiyoyi ya dace da na Form F, in bai dace ba a ga wasiƙar ƙorafi a haɗe. Sunanka ya zama harafi da harafi irin na Ghana Card. Sannan a ba ka kwafin wasiƙar miƙawa mai ɗauke da tambarin Hukumar Filaye da kwanan watan da aka karɓa, ka ajiye asalin a gida, ka ɗauki hotonsa a waya ka tura wa wani ɗan'uwa ya riƙe.